Shamuwa Ba Ta Sauka Sai Mazari Ya Cika

Kafin in fara, bari in amsa wata ƙara da aka shigar a kaina. Jikokina sun ce wai tatsuniyata ba ta da ƙarshe, wai ina jan ta kamar igiyar guga a rijiyar rani. Na karɓi laifin, amma ba ni na ƙirƙiro shi ba, gadonsa na yi. Tunda kuwa Allah ya sa na taka aji huɗu a firamaren Safana kafin karatun ya ga ba zai iya da ni ba ya sallame ni, zan rubuta asalin abin da hannuna, don kada bayan raina a ce tsufa ne ya sa ni surutu.

An ce an haife ni damina uku bayan samun mulkin kai, a wani ɗan ƙauye tsakanin Wagini da Batsari. Aka sa mini sunan kakana na wajen uba, wanda ya rasu kafin in zo duniya. Sunan nan ya jawo mini abu biyu. Kakata, wadda kowa ke kira Iya, ta mai da ni mijinta. Ba ta kira na sai da Maigida, kuma kullum cikin ƙorafi take wai tunda ta aure ni ban taɓa yi mata cefane ba. Mahaifiyata kuwa, Inna, sai kunya ta zame mata biyu: ga ni ɗan fari, ga sunan surukinta a kaina. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce, "Kai." In ta ji daɗina ƙwarai, ranar sai ta ce, "Kai ɗin nan."

Ina da shekara bakwai ko takwas, lokacin an gama yaƙi, ƙamshin kuɗin mai ya fara isowa har ƙauye, mahaifina ya hau wata babbar mota a Batsari ya nufi Ikko. Ya ce da an yi girbi zai dawo. Bai dai faɗi girbin wace shekara ba. Ya bar Inna da ni, da ƙanwata Ladi ko zama ba ta fara ba, da Iya, da rumbun da hatsinsa bai kai rabi ba. Sau ɗaya wani direba ya ce ya gan shi yana dakon siminti a bakin teku. Daga nan shiru.

To ga inda ƙullin yake. Inna matar aure ce a cikin kulle, ba ta fita sai da izinin miji. Mijin da zai ba da izinin kuwa yana can inda ko wasiƙa ba ta san hanya ba. Bai sake ta ba balle ta koma gidansu, ba a ce ya mutu ba balle ta yi takaba ta gama. Iya ta sha ce mata, "Ke 'yar nan, ni na haife shi, ni na ba ki izini. Tahi gona ki yi ƙwadago ki samo ma ɗiyanki abin da za su ci." Inna sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, ai bai ce ba." Haka ta tsare ƙofar gida saboda maganar da mutum ya tafi bai faɗa ba. Duk abin da za ta nema sai dai ta neme shi a cikin dangar nan, da goyo a baya.

Ta fara da ƙuliƙuli. Sana'ar mace a kulle kuwa ƙafar 'ya mace take bukata, mai ɗaukar talla, ita kuma Allah ya ba ta namiji mai faɗin ciki. Aka ɗora mini faranti. Ina so a sheda cewa ban ci amana ba. Ɗanɗanawa nake yi domin in iya gaya wa masu saye gaskiyar abin da nake sayarwa, sai dai kafin in kai bakin rijiya na kan gama binciken. Sati biyu sana'ar ta durƙushe. Ta koma dakau, wato dakan hatsin maƙwabta a ba ta ɗan abin da aka ba ta. Tana daka kan Ladi na gwaruwa a bayanta, har yarinyar ta yi ta amai. Ana cikin haka aka kafa injin niƙa a Batsari, masu hali suka riƙa aika hatsinsu a jaki, turmin Inna ya kwanta a gefen danga kaji na hawa.

Sai kaɗi ya rage. Inna ta iya kaɗin zare tun tana gidansu, siriri sumul, ba kumburi ba tsinkewa. Amma kaɗi aiki ne mai kishi. Yana son hannu biyu, kuma masu tsabta, yana son ido, yana son a bar mutum. Ladi kuwa ta fara rarrafe, kuma duk duniya ba abin da ya burge ta kamar mazari, sandar kaɗin nan, yana juyawa. Inna ba ta kaɗa kamu biyu sai yarinyar ta damƙe sandar da hannun da ya sha koko, ko ta nufi murhu, ko ta fasa kukan nono. Ga girki, ga wanki, ga ni kuma, da ba na rasa ciwon da zan kawo gida. Rana za ta faɗi mazarin bai kai rabi ba.

Ana nan Baffa Audu ya zo. Shi ne yayan mahaifina, masinja ne a wani ofis a Safana, yana da keke da agogon hannu, kuma yakan duba agogon ko da gaisuwa yake yi. Mutumin kirki ne, kada a ce na ɓata shi. Ya durƙusa ya gai da Iya, aka tambayi gida da iyali da gajiya da sanyi har aka ƙoshi, sa'an nan ya tashi ya leƙa rumbu. Aka aike ni ɗebo ruwan da ba a bukata. Abin da aka faɗa bayan fitata, Iya ce ta ba ni labarinsa da na girma.

"Iya, yaron nan ɗan ƙanena ne," in ji Baffa. "Ba zan zauna ina cin tuwo da miya shi yana ramewa ba. Zan tafi da shi Safana, baki ɗaya ya ragu a gidan nan."

"Ka raba ni da mijina?" in ji Iya. "To saurara. Ɗanjuma masaƙi na Wagini ya ga hannun 'yar nan. Ya ce in ta kawo mishi zaren mayafi biyu nan da jajiberin Sallah, zai riƙa ba ta auduga yana karɓar zare duk shekara, ba zai koma ma zaren kanti ba. Ka ga tuwo ya samu."

Baffa ya dubi agogo, ya ce, "In ya karɓa na bar shi. In bai karɓa ba, kwana uku bayan Sallah zan zo da keke."

Inna tana bayan ƙofar ɗakinta, ta ji komai. Yaya za ta buɗe baki a gaban yayan miji ta ce a bar mata ɗan fari? Abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki. Bakinta a ɗaure yake, hannunta kaɗai ke da ikon yin roƙo. Washegari Iya ta ja akuyarta guda ɗaya tilo zuwa kasuwa, ta dawo da auduga, daidai wadda za ta ba da zaren mayafi biyu, ba ragi ba ƙari. Suka gurje ta suka cire iri, suka shiɓe ta ta yi laushi, ta cika kwando fari tas. Daga ranar aka fara tatsuniya a gidanmu kullum, ba fashi.

Lokacin ɗari ne. Da an yi magariba an ci tuwo, sai Iya ta hura wuta a tsakiyar ɗakinta da kara da 'yan itatuwa. Ta ɗauke Ladi ta kwantar a cinyarta, ni kuma ta sa ni a gabanta, ta dafe ƙafata da tata ƙafar don kada in motsa. Inna tana can ƙetaren wuta, ta jingina da bango, kwandon auduga a gefenta, da ɗan alli da take shafa wa yatsu don kada su yi santsi. Sai ta murza mazari, ya kama kuka a hankali, firrr, zare na fitowa daga audugar kamar ba hannu ke jan sa ba. Ba na tuna fuskarta a dararen nan, hayaƙi da inuwa sun rufe ta. Hannun nake tunawa, yana hawa yana sauka.

"Ga wata nan ta taso daga bayan dutse," Iya za ta ce, ita haka take fara tatsuniya. "Wa zai buɗe mata?"

"Ta shigo, mun share mata wuri," ni kuma in amsa.

Wai an yi wata mata, mijinta ya bi hadari kudu don ya ga inda ruwan sama ke kwana, bai dawo ba. Da damina ta ƙare sai ta je gindin tsamiyar da shamuwa ke sheƙa, ta tarar tsuntsuwar na shirin tafiya. Ta ce, shamuwa, ke da ke zuwa inda ruwa ke kwana, nemo mini shi. Shamuwa ta ce, ni ban san fuskarsa ba, sai dai ki ɗaura mini zarenki a ƙafa, in ya gani zai gane hannunki ya biyo shi har gida. Amma da sharaɗi. Ina tashi kina kaɗi. Ranar da zare ya ƙare a hannunki, zai fizge ya tafi, ba ni ba ke. Matar ta yarda. Ga ta kuwa da goyo, ga na ƙafa. Shamuwa ta tashi, matar ta kama kaɗi, tana kaɗi tana jijjiga goyo, tana kaɗi tana ture na ƙafa daga bakin wuta.

Iyakar tatsuniyar ke nan, sauran duk hanya ce. A Wagini zaren ya sarƙe a ƙaya, sai da aka roƙi ɓera ya kwance. A Zakka ya naɗe ƙahon wata saniya, sai da Bafulatanin ya yi mata kirari da sunan uwarta ta sunkuyar da kai. A Safana wani mai keke da agogo ya tsai da zaren ya ce sai ya nuna takarda. Iya ba ta taɓa wuce Dutsin-ma ba a rayuwarta, saboda haka daga can sai ta shiga gina nata garuruwan: garin da mutanensa ke tafiya da baya don kada baƙo ya san sun gudu, garin da kasuwarsa ke ci a cikin rijiya. In garuruwa suka ƙare mata sai ta juyo da tsuntsuwar.

"Iya, ai jiya ma ta wuce Zakka."

"Ta manta da takalminta ne, Maigida."

"Shamuwa ba ta sa takalmi."

"Ji mini miji! Ko gishiri ba ka saya mani, kai ne za ka koya ma shamuwa tahiya? Rufe baki, saniyar can na jiran ta."

Daga ƙetaren wuta sai in ji wani ɗan sauti, wanda na daɗe ban gane dariya ba ce. Can kuma, ana tsakiyar daɗi, ba gargaɗi, sai Iya ta ce, "Shamuwa ta gaji, ta sauka kan reshe. Kowa ya nemi nashi reshen." Sai a tashi a yi lisha a kwanta. Ko na yi birgima ba za a ƙara ko gari ɗaya ba.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa rubutawa ba. Ni yaro ne mai kaifin hankali, kuma wannan ita ce masifar. Na lura wata rana shamuwa gari biyu take ci ta sauka, wata rana biyar. Ranar da Ladi ta wuni da zazzaɓi Inna ba ta taɓa auduga ba, tsuntsuwar ta ratsa gari bakwai har da Zakka sau biyu. Na sa ido. Sai na ga kafin Iya ta ce ta gaji, sai ta ɗan karkata kai ta dubi ƙetaren wuta. Ashe shamuwa ba ta sauka sai mazarin Inna ya cika. In Inna ta yi kaɗi da yawa da rana, tatsuniya gajera. In kaɗan ta yi, doguwa.

Mai ilimi da ya gano haka sai ya gane cewa tatsuniyar ba domin shi ake yin ta ba, ɗaure shi ake yi da ita, shi da ƙanwarsa, don uwarsu ta sami hannu biyu na ɗan lokaci. Ni kuwa abin da na gane shi ne, ashe tsawon tatsuniya a hannuna yake.

Kullum da la'asar Inna takan shiga bayan ɗaki ta yi wa Ladi wanka. Sai in lallaɓa in ɗauki mazarin, in warware abin da ta kaɗa da rana, ba duka ba, ni ba azzalumi ba ne, kamar rabi. In tsinke da haƙori, in mai da bakin zaren yadda na same shi. Abin da na warware in dunƙule in jefa a wani tsohon tulu mai fasasshen wuya da ke kife a bayan rumbu. Da magariba sai shamuwa ta yi ta tafiya. Kai, na sha tatsuniya a watan nan. Iya har muryarta ta dushe, ta ƙirƙiro garin da ba a magana a cikinsa don ta huta.

Inna ba ta zarge ni ba, kanta ta zarga. Na ji ta tana cewa, "Iya, ko dai hankalina ne? Sai in ga kamar na yi kaɗi da rana, in dawo in ga ban yi ba." Iya ta ce rashin barci ne. Aka tofa addu'a a kwandon. Saura kwana shida Sallah, Inna ta kai hannu kwando ta taɓo ƙasansa. Ta jera abin da ta kaɗa a kan tabarma, ta duba, ta sake jerawa.

"Audugar nan ba ta yi auki ba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗaya da rabi ne."

"Mai awon audugar nan ya cuce ni," in ji Iya. "Allah ya isa."

Mai awon bai cuci kowa ba, Allah ya jiƙansa, ya sha Allah ya isa a kan laifina. Ba wata akuyar da za a sayar, audugar ƙauye kuma duk an kwashe an kai wa masu saye. Ina tsaye na ji su. Na zagaya bayan rumbu na buɗe tulun. Zaren ya cukurkuɗe, ya yi ƙasa-ƙasa, kamar sheƙar ɓera. Na tsaya ina kallonsa. Da na ɗauko shi a ranar, wataƙila da an kwana biyu ana warwara ya cika. Amma na tuna tsumagiyar da ke soke a danga, na mai da tulun na kife. Ban san abin da aka ɗora a kan zaren ba. Na ɗauka mayafin wani ne zai yi gajere.

Ranar jajiberi Iya ta ɗauki ƙunshin zaren ta tafi Wagini da ƙafa. Da la'asar ta dawo, ƙunshin na kanta yadda ta tafi da shi. Ta sauke a ƙofar ɗakin Inna, ta zauna a ƙasa ba tabarma.

"Ya ce hannunki ba na biyunshi. Ya ce amma ɗaya da rabi ba ya rufe mutum biyu, kuma masu kayan ba sa jira. Ya aika Katsina a kawo mishi na kanti."

Inna ta ce, "To." Ta ɗauki ƙunshin ta shiga ɗaki. A ranar aka gaya mini zan bi Baffa.

Ana gobe zai zo, Iya ta hura wuta kamar kullum. Inna ta zauna a wurinta, amma ba kwando ba mazari, hannuwanta a kan cinya kamar baƙi. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru haka ba. Iya ba ta tambayi wa zai buɗe ba, ta shiga kai tsaye.

"Rannan matar na kaɗi sai ta ji zare ya saki. Ta ja, ba nauyi. Ta yi ta naɗewa, ta yi ta naɗewa, har damina ta zagayo. Da ta kai ƙarshe, ba miji ba shamuwa, sai gashin tsuntsu ɗaya a ƙulle. Ta dube shi, ta soke a danga. Ta tashi ta kwashi zaren da ta tara ta fita, da ƙafarta, ba ta tambayi kowa ba, ta kai aka saƙa ma ɗiyanta mayafi."

Da ta zo kan "da ƙafarta" ba ni take kallo ba, ƙetaren wuta take kallo. Ɗan da ta haifa ne fa a ƙarshen zaren nan, kuma ita ce ta ce ba kowa a can. Sai da na haifi nawa na san nauyin abin da tsohuwar nan ta ɗaga a daren.

"Mayafin ya ishe su?" na tambaya.

"Ya ishi ɗaya."

"Ɗayan fa?"

"Ɗayan ya tahi makaranta ya zama babban mutum, ya dawo ya yi ma matarshi cefane. Na ɗaure ta nan, kada wanda ya kwance."

Da safe Baffa ya ɗora ni a bayan keke. Inna ba ta fito ba, ba a raka ɗan fari. Da muka kai kwanar rijiya na waiwaya, na ga danga ta ɗan buɗe a wuri ɗaya, daidai tsayin idon mutum.

A Safana ban rasa tuwo ba, ban rasa riga ba. Matar Baffa ba ta taɓa zagina ba. Abin da babu shi ne wanda zai dafe mini ƙafa da magariba. Suna da rediyo, ita ke magana, kuma ba a ce mata jiya ma ta wuce Zakka. Nakan kwanta a zaure in yi wa kaina tatsuniyar a zuci, amma ba ta tafiya, don ban san inda zan duba in ga ko lokacin sauka ya yi ba.

Da shamuwa ta dawo, an yi ruwan fari, sai ga Iya a bayan wata motar hatsi. Ta gaya mini Inna ta fara fita, tana zuwa gonar maƙwabta shuka da Ladi a baya. Sa'an nan ta kwance ɗan ƙunshi ta jefo mini.

"Ungo, Maigida. An ce a ba wani."

Mayafi ne ƙarami, ko gwiwata ba ya rufewa sai na naɗe. Launinsa ƙasa-ƙasa, wanki bai fitar ba. Kuma duk jikinsa ƙulli ne, nan ƙulli, can ƙulli, yana sukar fata kamar ƙaiƙayi. Na ce wane irin masaƙi ne wannan? Iya ta ce, "Masaƙin ba ruwanshi, abin da aka kai mishi ya saƙa. An tashi gyaran rumbu ne aka ɗaga wani tulu." Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ashe Inna ce ta zauna ta warware sheƙar ɓeran nan guntu-guntu, ta ƙulla kowane da ɗan'uwansa. Kowane ƙulli yammacin da na yi sata ne. Ba saƙo, ba faɗa. Na yi shekara huɗu ina kwana a cikin laifina, kuma wallahi yana da ɗumi.

Ban koma gida da zama ba. Daga aji huɗu na bi mota, daga mota na kama awon hatsi a kasuwa, babban mutumin da Iya ta yi alkawari dai har yanzu yana hanya. Cefanen kuwa na yi mata sau ɗaya, gishiri da daddawa da ƙashin miya, ta ce auren ya ɗauru yanzu, a shekarar kuwa ta rasu. Mahaifina bai dawo ba. Ƙauyen ma yau kango ne, ba zan shiga dalilin ba.

Sai da Inna ta tsufa, na ɗauko ta ta zauna a gidana, furfura ta fara fito mini, sa'an nan na iya buɗe baki. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, zaren nan na tulu." Ta ɗaga mini hannu.

"Wani yaro ne mai son tatsuniya ya yi wannan. Ba ka san shi ba."

"Da ban taɓa ba, da ban tafi ba."

"Ɗanjuma ko an kai masa na mayafi goma, na kanti zai koma. Kowa ya koma." Sa'an nan ta ce, "Tashi, kai ɗin nan, ƙasa da sanyi."

Ko gaskiya ta faɗa, ko kuwa wani mayafin ne ta sake saƙa mini, ban sani ba, kuma waɗanda zan tambaya duk sun tafi. Abin da na sani shi ne, na daɗe ina tsammanin darasin tatsuniyar haƙuri ne, ko kuwa sanin lokacin da za a saki zare. Yanzu ina ganin darasin ba a cikin tatsuniyar yake ba, a cinyar Iya yake. Mace mai goyo da aka ce ta nemi abinci a cikin gida ba basira ta rasa ba, ba ƙwazo ba. Hannu biyu ta rasa, na tsawon cikar mazari ɗaya. Tsohuwar da ba ta da akuya ta biyu sai ta ba da abin da ya rage mata, wato cinya da ƙarya mai daɗi.

'Yata ta uku tana nan gidana a Safana da 'ya'ya uku, mijinta yana can kudu yana aika abin da ya samu in ya samu. Tana ɗinki a ɗaki da keken ƙafa, ga masu kaya na turo yara a tambaya ko an gama. Da an yi magariba nakan tara jikokin a kan buzuna, in ɗora ƙaramar a cinya, in tambaya wa zai buɗe. Shamuwata ta fi ta Iya yawo, ta je har Ikko, ta duba bakin teku ba ta ga kowa ba, kuma takan manta takalminta a Zakka kamar yadda ta saba. Ba ta sauka sai na ji keken ya yi shiru.

Kunnena yana kan keken. Idona kuwa yana kan babban, mai sunana, wanda jiya na ga ya karkata kai yana sauraron ɗakin uwarsa kafin in ce ta gaji. Na dafe ƙafarsa da tawa. Na san irinsu.